Gidan da Ko-ta-kwana Ya So a Bari Fanko

A wurin aikinmu, wani ɗakin gwajin jini mai hawa biyu da ke bayan tashar mota, akwai mutumin da sabon ma'aikaci kan yi wata uku bai san sunansa na yanka ba. Ko-ta-kwana kowa ke ce masa, har Likita mai wurin. Shi ne mai kula da kwamfutoci. Ni kuwa Sakatare ne, wato mai kula da duk abin da aka rasa wanda za a ɗora wa: takardun hutu, makullai, kujeru, da fankar ɗakin jira da ke kuka tun ranar da aka ɗaura ta. Shekara goma sha ɗaya muna shan shayin ƙarfe goma a teburi ɗaya da shi. Gara kuma in faɗa tun da wuri, a labarin nan ni ne mai laifin, kada wani ya kai tsakiya yana jiran in fito da farin jini.

Ɗan mai gyaran rediyo ne. A shagon mahaifinsa ya taso, cikin warin dalma da gwangwanayen kusoshi, kuma ya ce karatun farko da ya samu a wurin shi ne abu ba ya lalacewa sai ranar da ake nemansa. Rediyo zai yi shekara yana surutu ba mai saurare, ran da ake wasan ƙwallo na ƙarshe sai ya yi gum. Daga rediyo ya koma gyaran keken rubutu, daga nan injin kwafe takardu, sannan ya shiga makarantar yamma ya koyi kwamfuta yana da 'ya'ya biyu. Tabarau biyu yake yawo da su, biro biyu, kuma duk mako sai ya buɗe bayan motarsa ya danna tayar ajiya da babban yatsa, ya tabbatar da iska a ciki. In ka tambaye shi yaya gida, sai ya ce, "Lafiya ƙalau, zuwa yanzu."

Shiri irin wannan ya kamata ya sa mutum ya huta. Shi bai sa shi ba. Wurinmu ba a rufe shi, asibitoci na aiko jini safe da rana, kuma da zarar kwamfuta ta yi tari sai wayarsa ta yi ƙara. Ranar da aka haifi ɗansa na fari yana ƙarƙashin teburin wani yana laluben wayar injin kwafe takardu. Ranar da na biyun ya karɓi kyauta a makaranta ya je, amma a wajen zauren ya tsaya yana koya wa Babbar Sista, shugabar masu gwaji, inda za ta danna. Maiɗakinsa kan ce ita mutum biyu ta aura, shi da wayarsa, kuma wayar ce ke da iko da gidan. Autarsu, mace ce, tana 'yar aji biyu aka ce su zana iyalinsu, sai ta zana kowa da hannu biyu a ƙasa, babanta kuma hannu ɗaya manne da kunne. Ya ajiye zanen a aljihun teburinsa. Ya taɓa nuna mini yana dariya, irin dariyar da ba ta kai ido.

Shekara shida da suka wuce ya shawo kan Likita aka sayo manyan na'urori biyu, waɗanda su ke kira saba. Aka jera su a wani akwatin ƙarfe a ɗan ɗaki mai sanyi kusa da matakala, ɗaya a kan ɗaya, sai muka sa musu Ta Sama da Ta Ƙasa. Da shayi ya yi mini bayani, ya jera kofi biyu a gabana.

"Sakatare, ka ɗauka gidajen haya ne guda biyu. Kwamfutar da ke riƙe da sakamakon gwaji, da mai rajistar marasa lafiya, da mai aika wa asibitoci saƙo, duk yanzu ba su da gangar jiki. 'Yan haya ne a cikin Ta Sama, kowace da ɗakinta. Ita kuwa Ta Ƙasa aikinta ɗaya, duk daƙiƙa ta tambayi 'yar'uwarta, kina nan? Ta ce ina nan. Ran da ta tambaya ta ji shiru, sai ta buɗe ƙofa 'yan haya su kwaso kayansu su dawo wurinta. Minti uku, aiki ya ci gaba, ba wanda ya kira ni."

"To ai shi ke nan," na ce. "Mun rabu da tsayawar aiki har abada."

"Ban ce ba. Mai tashi da gaggawa ba ya ɗaukar tukunya daga kan wuta, duk abin da ake cikin rubutawa a lokacin ya tafi. In kuma 'yar haya ce ta suma a cikin ɗakinta, mai gida bai sani ba, zai ci gaba da cewa ina nan. Sannan rumbunsu ɗaya, wani akwati daban da ke ƙarƙashinsu, in shi ya ƙone gida biyun duk banza ne. Ɗaki ɗaya kuma suke, in sanyi ya ɗauke tare za su yi zazzaɓi."

Ya faɗi wasu, amma a lokacin biskit ɗina ya karye a cikin shayi ina ƙoƙarin ceto shi da cokali. Na ƙarshen dai na ji shi sarai, don bai yi mini daɗi ba.

"Ta Ƙasa dole a bar ta fanko. Ba mai zama a ciki. Amfaninta ke nan."

Kowane aiki da ciwonsa. Ciwon sakatare shi ne ba ya iya ganin wuri fanko. In na ga kanta ba komai a kai, sai na samo fayil na ɗora kafin hankalina ya kwanta. To ga na'ura sabuwa fil, tana shan wuta, tana shan sanyin da ni ba ni da shi a ofishina, aikinta kawai ta ce kina nan. Duk sanda na wuce ta bakin ɗakin sai in ji kamar na ga ƙato yana barci da rana tsaka.

Da na'urar danna yatsa na fara. Ma'aikata na makara, na samo na'urar da kowa zai danna da safe, amma tana buƙatar kwamfutar da za ta riƙe sunaye. Na kai masa shayi da kaina, har da madara.

"Injiniya, ɗan lungu kawai. Ko ɗakin ajiye tsintsiya ne."

"Sakatare, na gaya maka."

"Ka gaya mini, kuma na ji. Amma gida mai ɗaki ashirin, in an sa mutum ɗaya a zaure, wa ya tare wa hanya?"

Ya cire tabarau ya sa ɗayan, abin da yake yi ke nan in zai yarda da abin da bai so. "Na wucin gadi," ya ce.

Wucin gadi a wurin aiki ya fi kowa daɗewa. Bayan wata huɗu na kawo talabijin ta ɗakin jira, mai nuna lambar layi da koya wa mutane wanke hannu. Bayan shekara Likita ya ce a sa kyamarori, ni kuma na ce ai akwai wuri. Sai kuma abin da na fi alfahari da shi a duk aikina, rajistar kujeru. Kujera ɗari da goma sha bakwai muke da su, kowace na manna mata lamba, da hotonta, da tarihin duk ɗakin da ta taɓa zama. In kujera ta tashi daga ɗakin awo ta koma ɗakin shan magani, ina da labari kafin azahar. Kowane lokaci shayi nake kaiwa, kowane lokaci ya canza tabarau. Ko-ta-kwana zai iya tsayawa gaban gobara, amma ba zai iya cewa a'a ga wanda ya miƙo masa kofi ba.

Akwai kuma wata safiya da wuta ta ɗauke ta dawo, na'urorin suka tashi a hankali, ta danna yatsa ta zo ƙarshe. Ma'aikata suka yi layi minti ashirin, waɗanda suka makara suka saje da waɗanda suka zo da wuri, kowa ya zama na kirki. Abin ya tsaya mini a rai. Na ce masa in ana tashi, nawa su riƙa tashi da farko. Ya ce akwai alamar da ake sa wa 'yar haya ta zama babbar baƙuwa, ita ake fara ba wuri kuma ba a tayar da ita don kowa. Na ce to a sa musu, su huɗun duka, don kada su yi kishi. Yana cikin wani aikin, ya sa don in ba shi wuri, ya ce zai cire in ya samu sarari. Da can duk wata uku yakan zo ranar Lahadi ya kashe Ta Sama da gangan, ya ga ko 'yan haya za su ƙaura lafiya. Sai aka samu wani mai hikima ya ce Lahadi ma a riƙa karɓar jini, ya tsara jadawali mai kyau da launuka. Ba sai na faɗi wane ne ba. Shekara biyu ba a ƙara gwajin ba.

A bana Auta ta gama jami'a, karatun harhaɗa magunguna, a wani gari mai tafiyar awa huɗu. Ita ce ta farko a gidansu da ta kai nan. Ba ta bar wa babanta maganar hutu ba, da kanta ta zo ofishina, ta zauna a kujera mai lamba arba'in da ɗaya, ta karɓi takardar ta cike da hannunta.

"Baba Sakatare, kwana biyu na rubuta, amma gaskiya minti ɗaya nake nema. Lokacin da za a kira sunana, in waiga in gan shi a zaune yana kallona. Shi ke nan. Ko bai tafa ba."

"'Yata, ki kwantar da hankalinki. Ai don irin wannan ranar babanki ya gina gida biyu."

"Na sani. Tun ina sakandare yake gina shi. Ni ba gidan nake tsoro ba, ku nake tsoro."

Na dafa ƙirji. Na ce ko rufin ginin nan ya rufto, da kaina zan tallafe shi da ka, ba zan taɓa lambar babanta ba. Na ce ta riƙe ni da wannan maganar. Ta ce ta riƙe.

Ranar Laraba da yamma ya kawo mini takarda shafi goma sha huɗu da ambulan a liƙe mai ɗauke da kalmar sirri. Ya fara bi da ni shafi-shafi, na ce ya tafi kawai kada rana ta faɗi masa a hanya, ai ni ma ba baƙon kwamfuta ba ne. Ya tsaya a bakin ɗakin sanyi yana kallon fitilun kamar mai barin jinjiri. Na tura shi waje, na sa takardun a aljihun tebur, na ɗora musu fayil.

Ranar Alhamis, goma saura minti goma, ina zuba shayi ni kaɗai, na ji wani ƙara siriri daga wajen matakala, sai kuma ɗan warin roba. Na leƙa. Fitilun Ta Sama duk sun mutu. Shekara shida tana cewa ina nan, ta zaɓi ranar da za ta yi shiru. Ban ma tsorata ba, har wani daɗi na ji, na ce yau za a ga aiki. Na ciro takardun, shafin farko ya ce a jira minti uku. Na jira, da agogo a hannu.

Rajistar marasa lafiya ta dawo. Mai aika saƙo ta dawo. Na koma wurin shayina ina jin kamar ni na ƙera na'urar.

Babbar Sista ce ta turo ƙofa, da safar hannu ba ta ko cire ba. Mace ce da ba ta ɗaga murya, don ba ta taɓa buƙata ba.

"Sakatare, sakamako ba ya buɗewa."

"Minti uku ne, Sista."

"Minti goma sha biyu ke nan."

Na zagaya in ga abin da ke aiki. Talabijin na nan tana koya wa mutane wanke tsakanin yatsu. Na danna yatsana, na'ura ta gaishe ni da sunana. Kujeru ɗari da goma sha bakwai, kowace tana inda ya kamata. Abu ɗaya ne kawai bai tashi ba, wanda dominsa aka gina wurin. Na ce wa Sista ko za a rubuta sakamakon da hannu, kamar da. Ta ɗauko kwalbar jini ɗaya ta kawo ta dab da hancina.

"Karanta mini sunan mai ita."

Babu suna, sai lamba da zane-zanen layi. Abin da ke haɗa lambar da sunan yana cikin 'yar hayar da ta ƙi tashi. Kwalba arba'in da uku ne a jere, injin ya gama auna su, ya san komai game da jinin amma bai san na wane ne ba. Asibitin tsallaken titi kuma sun bugo sau biyu, suna da wani dattijo da aka shirya yi wa aiki, sakamakonsa kawai ake jira.

Sai a lokacin na karanta shafi goma sha huɗun nan, a tsaye. Akwai abin yi in gobara ta tashi, in ruwa ya shigo, in sanyi ya ɗauke, har in ɓera ya ci waya. A shafi na tara ya rubuta, in 'yar haya ta ƙi tashi a duba ko akwai wuri, da wasu lambobi a ƙasa waɗanda na tabbata su ne yake son nuna mini lokacin da nake tura shi waje. Na yage ambulan, na shiga, na tarar da jan layi da dogon Turanci. Na karanta shi sau uku, kowace kalma na santa, amma da suka haɗu ba su gaishe ni ba. Ga maɓallai a gefe, kowane yana kama da wanda in ka danna sai ka nemi wani aikin.

"Ko ka kira shi, ko in kira shi," in ji Sista.

Na yi lissafi irin namu na sakatarori. An fara taro ƙarfe goma. Duk taron da na taɓa shiryawa, jawabai kaɗai na cin awa biyu, sai an gode wa kowa har mai kawo lasifika. Yanzu goma da minti talatin da biyar, ko shugaban taro bai gama gyara murya ba. Minti biyu zan ɗauka. Auta ma ba za ta sani ba. Abin da ban sani ba shi ne babban baƙon nasu yana da jirgin da zai kama, an yanke jawaban duka, an shiga kiran sunaye tun goma da kwata.

Bugu ɗaya ya ɗauka, da raɗa. "Wacce ce?"

"Ta Sama. Amma kada ka tashi, Injiniya, tambaya ɗaya ce."

Na ji ƙarar kujeru, yana ta ba mutane haƙuri, sai ƙofa. Ya ce ya fito baranda, amma akwai lasifika a saman kansa, in ɗaga murya, zai toshe ɗaya kunnen. Na karanta masa jan layin. Bai bari na kai ƙarshe ba.

"Ba wuri. Ita ce mafi girma, ta zo ta tarar ɗakuna a cike, kuma waɗanda ke ciki manyan baƙi ne, ba a tayar da su. Ka kashe naka guda huɗun, za ta shiga da kanta. Ka ga jerin a hagu?"

Na gani. Ya nuna mini inda zan danna, na kashe talabijin, na kashe kyamarori. A nan ya kamata in ci gaba. Amma ni mutum ne mai tsari.

"Injiniya, ta danna yatsan fa? Masu aikin rana za su shigo sha ɗaya."

"Kashe ta."

"In na kashe, yau ba wanda zai san wanda ya makara."

"Sakatare, kashe ta."

"To kujerun ai ba su da nauyi, hotuna ne kawai. Ba za a gwada a bar su ba, a ga ko za ta shiga a haka?"

Ya ja numfashi, ya fara yi mini bayani a hankali, da haƙurin nan nasa, yadda ake lissafin wurin da kowace ke ci. Yana cikin bayanin ne na ji lasifikar da ke saman kansa, tar kamar a ɗakina take. Aka ambaci sashen harhaɗa magunguna. Aka kira mutum biyu. Sai aka kira sunan Auta da sunan mahaifinta, aka ƙara da cewa ita ce ta biyu a ajinsu, tafi ya tashi kamar ruwan sama a kan kwano. Shi kuwa yatsa na cikin kunnensa, wayar na ɗaya kunnen, yana ce mini, "Ka gane? In ka haɗa waɗancan biyun da wannan, ba zai isa ba."

Na kashe su duka. Bayan minti ɗaya jan layin ya koma kore. Sista ta leƙo ta ɗaga mini babban yatsa ta koma.

"Ta tashi?" ya tambaya.

"Ta tashi."

"To alhamdu lillahi. Bari in koma ciki, kada a zo kansu."

Na ce to, Allah ya ba da sa'a. Haka na ce. Na duba wayar, minti tara muka yi, kuma in aka cire cinikin kujeru da na tsaya yi, biyar ne. An yi wa dattijon aikinsa lafiya, wannan dai ba na cikin abin da ke damuna.

Ranar Litinin ya dawo da tabarau biyunsa. Ya gaishe ni kamar kullum, ya shiga ɗakin sanyi, ya kwance Ta Sama ya gano abin da ya ƙone. Da shayin ƙarfe goma na fara kame-kame, ya ɗaga hannu.

"Ni na sa musu alamar nan, kuma ni na ce zan cire. Shekara biyu ina wucewa ta gabanta. Ka bar maganar."

Da ya zage ni da na samu sauƙi. Kwana biyar ina yawo da abin a raina. Ranar Asabar da la'asar na sa riga mai kyau na tafi gidansa.

Maiɗakinsa ce ta buɗe. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"A'a, Sakatare. Ƙirgar kujerunmu ka zo? Shida ne, ɗaya ƙafarta na rawa."

Na ce na cancanci fiye da haka. Ta ce ta sani, sauran tana ajiye da shi. Aka zaunar da ni a falo, aka kawo ruwa. Auta ta fito ta durƙusa ta gaishe ni cikin ladabi, irin ladabin da ya fi mari zafi. Babanta na gefe yana goge tabarau.

Na ba da haƙuri, na faɗi komai yadda ya faru, har cinikin. Na kuma faɗi abin da ban gaya wa kowa ba, cewa na ji lokacin da aka kira ta, ta cikin wayar, kuma da ya ce bari ya koma kada a zo kansu ban gaya masa ba.

Ko-ta-kwana ya daina goge tabarau.

"Wato kai ka ji," in ji Auta.

"Na ji, 'yata."

"Na waiga, Baba Sakatare. Na ga Mama, na ga jakarta a kan kujerarsa. Mai ba da takardar sai da ya taɓa mini hannu kafin na juyo." Ta dube ni. "To tunda kai ne ka ji, tashi."

"In tashi?"

"Ka tashi ka tsaya can wajen labule. Mama, ina rigar?"

Ba a mayar da rigar bikin ba tukuna, tana rataye a bayan ƙofa cikin leda. Ta sa ta, ta ɗora hular mai tuntu, ta karɓe wayar babanta ta miƙa wa uwar, uwar ta zauna a kai. Aka ba ni matatar shayi a matsayin makirufo. Aka ce in faɗa yadda na ji, ba ragi ba ƙari.

Ni mai shekara hamsin da uku, mai furfura a gemu, na tsaya jikin labulen mutane da matatar shayi a baki, na ambaci sashen harhaɗa magunguna. Ta ce ban kira mutum biyun da ke gabanta ba, a sake. Na ƙirƙiro su. Sannan na kira sunanta da na mahaifinta, na ce ta biyu a aji. Ta tako daga ƙofar kicin zuwa tsakiyar falo, taku biyar, ta tsaya ta waiga. Yana zaune, hannuwansa a kan gwiwa, yana kallonta. Uwar ta tafa, yayyenta biyu da suka leƙo daga ɗaki suka tafa, har ni na tafa da matata a hammata. Aka yi ta dariya, uwar tana share ido da gefen mayafi tana cewa muryata ta fi ta mai sanarwar asali muni nesa ba kusa ba.

Da zan tafi ya rako ni bakin ƙofar gida. Muka tsaya jikin motarsa.

"Ka kyauta da ka zo," ya ce. "Ta ji daɗi. Ba ɗaya ba ne, amma ta ji daɗi."

"Na sani."

Ya dubi ƙasa, ya ture wata 'yar tsakuwa da takalmi.

"Sakatare, da suka kira ta, sun faɗi sunana daidai? A takardun makarantar kullum sai sun ɓata shi."

Na tsaya na tuna da gaske, don ban so in ƙara masa ko da ƙaramar ƙarya.

"Daidai suka faɗa. Mutumin ma ya ja shi, bai yi sauri ba."

Ya gyaɗa kai sau da yawa. Daga cikin gida Auta ta ƙwala masa kira ya zo a ɗauki hoto kafin ta cire rigar, ya ce mini sai Litinin, ya juya ya shiga da sauri.